Hannun Magini da Gwangwanin Fenti: Wa Ke da Bangon Damagaram?

Duk inda malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu suka zauna a Damagaram, da wuya a tashi ba a koka da rubuce-rubucen da samari ke yi a jikin bangaye ba. Wasu na cewa ɓarna ce tsagwaronta, wasu kuma, musamman waɗanda suka leƙa Turai, suna cewa fasaha ce ta zamani da ake kira girafiti, mu ne dai ba mu waye ba. A ganina ɓangarorin biyu sun yi saurin yanke hukunci, domin dukansu suna magana kamar jiya-jiya bango ya fara magana a wannan gari. Alhali kuwa bangon Damagaram bai taɓa zama bebe ba.

Mai karatu ya shiga unguwar Birni da hantsi, lokacin da rana ke bugun bango a karkace, ya tsaya gaban tsohon zaure. Zai ga aikin da magini ya yi da hannunsa tun laka tana ɗanya: dagi mai sarƙaƙiya wanda ba a gane farkonsa balle ƙarshensa, da takobi, da layukan da ke kewaye ƙofa kamar aikin allura a wuyan babbar riga, ga zankwaye a bisa soro. An ɗora tubali, an yaɓe, an shafe da makuba wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa don ruwan damina ya zame ya wuce, sannan aka fito da zanen da farar ƙasa ko da launi. Wannan aiki ba a koyonsa a wata guda. Yaro yakan yi shekaru yana kwaɓa ƙasa yana miƙa wa ubangidansa tubali kafin a yarda ya ja layi ko ɗaya a fuskar gidan mutum. Zuwa lokacin da aka ba shi bango, hannunsa ya riga ya san inda inuwa za ta faɗa.

To amma me zanen yake faɗa? Kada son gargajiya ya rufe mana ido. Attajirin da ya yi arziki da fataucin Kano da Tarabulus a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya ƙarfafa ganuwar birnin kafin rasuwarsa a 1884, da jikansa da ya samu kuɗin gyaɗa bayan an mai da babban birnin ƙasa Yamai a 1926, abu ɗaya suke sa magini ya rubuta musu: ga ni nan, ni ma wani ne. Zanen ƙofar gida shela ce. Kuma bai taɓa ƙyamar sabon abu ba, don a Zariya magina sun sa keke da mota da jirgin sama a jikin bango a tsakiyar ƙarni na 20, abin da a yau muke kallo da girmamawa muna kiransa gadon kakanni.

Wannan shela ita ce samarin fada suke yi da gawayi da fentin feshi. Fadojin samari, waɗanda ake cewa a Damagaram suka fara bunƙasa cikin shekarun 1990, majalisa ce ta waɗanda suka gama lakwal ko suka bar ta ba su samu aiki ba: benci, butar shayi, rediyo, da suna. Sunan nan kuwa sai an rubuta shi a bangon da ake jingina da shi, in ba haka ba fadar ba ta tabbata ba. Adeline Masquelier, a littafinta na 2019 game da fadojin Nijar, ta ware babi guda ga waɗannan rubuce-rubuce, kuma ta yi daidai da ta ɗauke su da muhimmanci. Wanda ba shi da gida, ba shi da fili, ba shi da ofis, bangon wani shi ne kaɗai takardar da ta rage masa. Haka ma abin ya faro a Niyok, inda wani matashi mai sa hannu da Taki 183 ya cika gari da sunansa har jarida ta yi labarinsa a 1971.

Sai dai fahimtar dalili daban, yabon aiki daban, kuma a nan ne na raba hanya da masu cewa duk abin da aka shafa a bango fasaha ce. Mafi yawan abin da ke bangayenmu aiki ne na gaggawa: harufa a karkace, fenti na zuba, babu tsari, babu lura da faɗin bango ko hasken da ke faɗa masa. Sunayen kuma aro ne, daga biranen Amurka, da ƙungiyoyin ƙwallon Turai, da mawaƙan da aka gani a talabijin. A matsayina na mai koyar da Faransanci da Hausa, kuskuren rubutun Faransancin bai dame ni sosai ba; abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarancin Hausa a bangon garin da kusan kowa da Hausa yake mafarki. Harshen da ke da kirari da take da habaici da zambo, a ce saurayi zai yi wa kansa kirari sai ya je ya aro na wani! Wanda ya kalli fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya ga iyakar wannan aro: wani gungu na unguwar Kara-Kara, daga cikin waɗanda ake kira «palais», ya ɗauki sunan Hitila da tutarsa. Wannan ba laifin fenti ba ne. Tambaya ce da aka ajiye a ƙofar ajinmu, mu malamai, game da tarihin da bai isa unguwar da aka keɓe tun asali don masu cutar kuturta ba.

Batun ɓarna kuma, ba na musun cewa akwai ta. Wanda ya fesa sunansa a kan zanen da magini ya yi shekara tamanin da suka wuce ya ɓata abin da ba zai iya mayarwa ba, kuma mai gida na da hakki a kan bangonsa. Amma laifi tudu ne. In an ƙirga zanen da ya salwanta a Birni, kason gwangwanin fenti kaɗan ne ƙwarai. Ruwan sama ya ci nasa a gidajen da magada suka watse aka daina yaɓe. Siminti ya ci nasa, don ana lulluɓe ginin ƙasa da shi da sunan gyara, sai danshi ya maƙale a ciki, wata rana fuskar bangon ta ɓalle gaba ɗaya da zanenta. Kamfanoni sun shafe bangaye sukutum da launin tallarsu, ƴan siyasa sun manna hotunansu a lokutan zaɓe, ba wanda ya kira su ƴan iska, saboda su sun biya ko kuwa ana jin tsoronsu. Tun 2006 tsohon birnin Damagaram da fadar Sarki suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, Agadas kuwa ta samu shiga a 2013. Ba samarin fada ne suka tsai da mu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya ɓace mana, a taƙaice, shi ne hanyar da ke tsakanin hannuwan nan biyu. Magini yana da ilimi ba shi da almajiri. Saurayi yana da abin faɗa ba shi da ubangida. A Dakar, wajen 1989 zuwa 1990, matasan unguwanni sun tashi da yunƙurin Set-Setal, suka share tituna, suka cika bangaye da hotunan shehunansu da gwarzayen tarihinsu, kuma a wannan gari ne aka kafa bikin girafiti na Festigraff a 2010. Ba kwaikwayon Niyok ne ya ba aikinsu daraja ba, sun zana abin da unguwa ta sani ne, da yardar unguwa.

Mu ma ba mu rasa bango ba. Katangun makarantunmu na bulo suna nan tsirara, tsawon ɗaruruwan mitoci, babu mai kishinsu. Ƙungiyar al'adu da ke kashe kuɗi a kan taron kwana biyu da jawabai tana iya neman izinin katanga ɗaya, ta ɗauko dattijon magini daga Birni ta biya shi ladan koyarwa, ta gayyato fadoji uku ko huɗu na unguwar, da sharaɗin cewa kowace fada za ta sa sunanta, amma sai ta fara koyon jan dagi ba tare da layin ya yanke ba. Malamin Hausa ya zo da kirari da karin magana, wanda ya yi makarantar allo ya zo da ajami. Magina masu wannan ilimi ba su da yawa, kuma galibinsu furfura ta riga ta kama su.