Song Maker a Ajin Ƙananan Yara: Sharhi

A shekarar 2016 kamfanin Google ya fito da Chrome Music Lab, wato jerin wasannin kiɗa na kyauta a intanet. A 2018 aka ƙara masa wani sashe mai suna Song Maker, wanda shi ne wannan sharhi zai duba.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Fuskar kwamfuta ko ta waya a rarrabe take gida-gida kamar ramukan dara. Idan yaro ya taɓa gida, sai ya ɗauki launi ya ba da sauti. Gidajen sama suna ba da siririn sauti, na ƙasa kuma mai kauri. A can gindi akwai layi 2 na bugun ganga.

Amfaninsa a fili yake. Yaron da bai iya karatu ba zai iya shirya kiɗansa, ya saurara, ya gyara nan take. Haka kuma ana iya zaɓar tsani mai sauti 5, wanda ya fi dacewa da waƙoƙin gargajiya na Hausa da yawa. Malamin harshe ma zai samu abin aiki. Kalmar “wuya” ta jikin mutum tana da karin sautin sama sannan ƙasa, “wuya” ta wahala kuwa ƙasa sannan sama. In aka jera su a gidajen, yaro zai ga bambancin da ido, ya ji shi da kunne.

Sai dai akwai rauni iri biyu. Na farko, kowane gida sautinsa tsayayye ne. Makaɗin kalangu kuwa matse tsarkiya yake yi ya sassauta, sauti ya zame daga sama zuwa ƙasa a bugu ɗaya, kamar faɗau a magana. Song Maker ba ya iya wannan, kuma babu kalangu ko goge ko algaita a cikin kayan kiɗansa. Yaron da ya tashi da shi kaɗai zai iya ɗaukar zamiyar kalangu a matsayin kuskure.

Na biyu, waƙar yara a ƙasar Hausa aikin taro ce. A gaɗa jagora ce take ba da waƙa, saura su amsa da tafi, kowace tana jiran lokacin shigarta. Wannan jira da sauraren juna shi ne babban darasin, na’urar kuwa yaro ɗaya take fuskanta.

Saboda haka wurin Song Maker a aji shi ne bayan waƙa. Yara su fara rera ta da baki da tafi, sannan su gwada jera ta a gidajen. Inda ta ƙi shiga, nan malami zai tsaya ya tambaye su dalili.