Kano da Tarihin Masana'antunta da Aka Bari a Baya

Malamin da ya ɗauko ɗalibai daga Anka ko Gummi zuwa Kano, an san inda za a bi da shi: Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), da marinar Ƙofar Mata, da Dutsen Dala, da Gidan Ɗan Hausa. In da sauran lokaci, yara su huta a gidan namun daji na Audu Baƙo. Na bi wannan hanya, kuma ba ni da ja a kan darajar wuraren.

Abin da nake suka shi ne inda labarin yake tsayawa. Baƙo zai koma gida da sarakuna da marina da maƙera a kansa, kamar dai bayan zuwan Turawa a 1903 Kanawa ba su sake yin wata sana'a ba. Alhali kuwa jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta biyo baya, aka yi dalar gyaɗa wadda sunan Alhassan Ɗantata ba ya rabuwa da ita. Sannan aka kafa Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda ake saƙa, da jima, da tatsar mai, da yin alewa. Karyewar darajar naira daga 1986, da rashin wutar lantarki, da atamfar waje mai araha, su suka rufe da yawa daga cikinsu. Wasu yanzu rumbunan ajiye kaya ne kawai.

Mai karatu ya dubi Mancesta ta Ingila, wadda yadinta ya taɓa cika kasuwanninmu. Da masaƙunta suka mutu, sai ta mai da tashar jirginta ta 1830 gidan tarihin kimiyya da masana'antu, ana kunna wa yara injin saƙa su gani da idonsu. Mu kuwa injin da ya tsaya, 'yan gwangwan ne magadansa.

A nawa ganin, mun ɗauka abin tarihi sai wanda ya shafi fada ko ginin ƙasa. Mu ma Zamfarawa ba mu tsira ba, domin masaƙar Gusau ta tsaya, kuma dattawan da suka yi aiki a cikinta, cikinsu har da 'yan yammacin jihar nan, suna ta ƙarewa. A bakinsu ake jin nawa ne albashi, da yadda ake canjin aikin dare, da sunayen da leburori suka laƙaba wa injuna.