Yabo ko Zambo? Tsokaci kan Zanen Karrama Mamaci

Jim Moir, ɗan barkwancin Ingila da aka fi sani da Vic Reeves, ya fitar da littafinsa mai zane-zane, Sun Boiled Onions, a 1999. Salonsa shi ne karkata fuskokin mashahuran mutane. To, idan aka yi wa marigayi mai gabatar da shirye-shirye irin wannan zane da sunan karramawa, yabo ne ko zambo? Shi zambo mai rai yake nema domin ya ji zafi; mamaci kuwa ya wuce nan. Abin ya fi kama da wasan jikoki, inda suke kwaikwayon tafiyar kakansu da muryarsa bayan rasuwarsa, dangi na dariya da hawaye a ido.