Kyaftin Bilai Na Majigi Da Na Tarihi

Duk wanda ya kalli majigin nan na Amurka na 1935 mai suna Mutiny on the Bounty, watau tawayen jirgin Baunti, ba ya tashi sai da ƙin Kyaftin Bilai a zuciyarsa. Mu ma haka muka tashi. Amma da muka koma ga tarihi sai muka ga an yi wa mutumin nan ƙari, an kuwa rage wa masu kallo sani.

Ga asalin labarin. A watan Disamba 1787 Baunti ya tashi daga Ingila da mutum 46 zuwa tsibirin Tahiti, don ya ɗebo dashen wani itace mai 'ya'ya kamar gurasa, a kai Indiya ta Yamma, a sami abinci mai araha na ciyad da bayin da aka kwaso daga Afirka. Majigin ya ambaci bayin nan da fari, bai ƙara waiwayarsu ba. Ran 28 ga Afrilu 1789, a kan hanyar komowa, mataimakin Bilai mai suna Kiristan ya ƙwace jirgi.

Inda majigin ya yi kyau ba mu hana shi yabo. Jirgin ba shi da inji, iska ke korarsa, saboda haka tilas mutane su hau can ƙololuwa su naɗe filafilai ana hadari, igiya na santsi, jirgi na tangaɗi. In ƙafa ta zame, shi ke nan. An nuna wannan sosai, har mai kallo ya ji cikinsa ya ɗuri ruwa.

To, amma ku yara, ku lura da nan. A majigi Bilai ya sa an yi wa gawa bulala, ya sa an ja wani da igiya ta ƙarƙashin jirgi har ya mutu. Ba a yi ko ɗaya a Baunti ba. Bulalar da Bilai ya yi ba ta kai ta yawancin kyaftin-kyaftin na zamaninsa ba. Abin da ya fi tsoro shi ne ciwon nan mai kumbura dasashi ya zubad da haƙora, wanda ke kama masu doguwar tafiya a teku don rashin ɗanyen abinci. Ya raba tsaro kashi uku maimakon biyu don mutane su sami barci, ya ɗauki wani mai goge wanda ba ya gani sosai, yana sa su rawa da maraice don motsa jini. Aibinsa harshe ne. Yakan zagi manyan ma'aikatansa a gaban na ƙasa da su, har ya tuhumi Kiristan da satar kwakwa ana gobe tawaye. Masu majigi sun ga bulala ta fi zagi kyaun nunawa, suka ɗora haɗarin teku duka a kan mugun mutum guda, sai ka ce da kyaftin na kirki ne da tafiyar ta zama yawon shan iska.

Da aka jefa Bilai da mutum 18 cikin ƙaramin kwalekwale mai tsawon ƙafa 23, ya kai su Timo bayan tafiyar mil fiye da 3,600, yana auna musu gurasa da ruwa kaɗan-kaɗan. Mutum ɗaya kaɗai ya rasa a hanya, wanda mutanen tsibirin Tofuwa suka jefe. A nan majigin ya ba shi haƙƙinsa.

Sa'an nan ya sāke ƙwacewa, ya nuna Bilai ne ya koma farautar 'yan tawaye cikin jirgin Fandora. Ba shi ba ne, Kyaftin Edwads ne. Shi ya kulle mutum 14 da mari cikin wani ɗan ɗaki na katako bisa jirgi. Da Fandora ya bugi duwatsun teku kusa da Ostareliya a 1791, huɗu daga cikinsu suka nutse, tare da ma'aikatan jirgi 31.