Tukunya Ba Suna, Waƙa Ba Sana'a

Duk wanda ya tashi a Gangare ko Unguwar Rogo, da wuya a ce bai taɓa zuwa gidan zu da sallah ba. Amma mu nawa ne muka taɓa tsallakawa Gidan Tarihi da ke maƙwabtaka da shi, muka shiga ɓangaren tukwane? Mu dai mun leƙa kwanan baya, mun kuma fito da abin faɗa.

Bernard Fagg ne ya kafa gidan a 1952, daga baya wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, ta zaga ƙasar nan tana tattaro tukwanen. Ga randuna, ga tuluna, ga tukwanen girki, kowace da irin zanenta. Galibin maginan nan mata ne, iyayen wasu, kakannin wasu. Abin da ya burge mu shi ne wurin bai yi wa mace kirari ba, aikinta ya ajiye maka ka gani da idonka. Inda ya gaza kuwa, za ka fito ka san tukunyar wace ƙabila ce wannan, amma da wuya ka fito da sunan mace ko ɗaya.

Da muka dawo unguwa sai muka ga mu ma muna da irin wannan giɓin, ta ɗaya gefen. A saurari waƙoƙin uwa da yaranmu ke bugawa a situdiyo: wata tara, goyo, hawaye, sai addu'a. Ba ƙarya suka yi ba, ai Manzon Allah (SAW) sau uku ya ambaci uwa kafin uba. Sai dai fa uwa ɗaya ce a duk waƙoƙin, ba ta da unguwa, ba ta da sana'a. Ina 'yan tuwo-tuwon da suka ciyar da leburorin kuza? Ina mai masar da ta biya wa 'ya'ya kuɗin makaranta da kwasar adashe? Ina wadda jarinta ya ƙone a gobarar kasuwar Terminus a 2002, ta koma gida tana ƙulla gishiri da kuka, ba ta roƙi kowa ba? Waɗannan su suka riƙe gidajenmu, amma waƙa ta bar su suna kuka kawai.

Kuma ba abin koyi muka rasa ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa, ya yi wa karen mota waƙa har kana ganin wahalar aikin a idonka. Barmani Choge ta sha kiran mata su kama sana'a. Ladi Kwali ma maginiyar tukwane ce, amma da yake an haɗa aikinta da sunanta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau ga hotonta a bayan naira 20.

To mawaƙanmu da masu zane, kafin ku shiga situdiyo ko ku ɗauki buroshi, ku je ku durƙusa gaban Inna ko Kaka. Ku tambaye ta me ta sayar, nawa ta fara da shi, wa ta aurar da ribar. Tsofaffin nan kullum raguwa suke yi, wadda ta tafi kuwa da labarinta take tafiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa na raye lafiya.