Tafawa Ɓalewa Tsakanin En'e da Majalisar Tarayya: Sharhi a Kan Yadda Ake Ba da Tarihinsa

Gabatarwa

A wannan 'yar takarda muna so mu jawo hankalin malamai da mahalarta wannan taro zuwa ga wani giɓi da muka lura da shi cikin yadda ake ba da tarihin siyasar Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Galibin abin da ake karantar da ɗalibai game da shi ya tsaya ne a kan zamansa a Ikko: Ministan Ayyuka a 1952, sa'an nan Ministan Sufuri, sa'an nan Firayim Minista daga 1957 har zuwa kisansa a watan Janairun 1966. Maganar En'e kuwa, watau hukumar gargajiya ta ƙasa, sai a ambace ta a layi guda a wuce. Mu a ganinmu, ba za a fahimci ɗan majalisar ba sai an fahimci dangantakarsa da En'e.

Ƙudurin 1950

Malam Abubakar ba ɗan sarauta ba ne. Makaranta ce ta ɗaukaka shi: Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, koyarwa a Midil ta Bauci, da kuma karatun shekara guda a Landan daga 1945 zuwa 1946. Da dawowarsa, ta hannun En'en Bauci ya shiga Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa, daga nan kuma ya wuce Majalisar Dokoki ta Ikko a 1947. Ke nan tun farko En'e ce tsaninsa.

Duk da haka, a watan Agustan 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya gabatar da ƙudurin a kafa kwamitin da zai binciki tsarin En'e domin a yi masa gyara. Ya soki tara iko a hannun sarki shi kaɗai, da cin hanci, da nisan da ke tsakanin masu mulki da talakawa. Abin da ya biyo baya sananne ne: binciken da Turawan mulki biyu, Maddocks da Pott, suka gudanar, da soke matsayin sarki mai yanke hukunci shi kaɗai a 1952, da kuma Dokar En'e ta 1954.

Inda Masu Tarihi Suka Rabu

A nan ne masu rubutu suka kasu gida biyu. Kashi na farko suna ɗaukar ƙudurin a matsayin shaidar cewa shi ɗan kawo sauyi ne. Littafin Trevor Clark na 1991, duk da yawan bayanansa masu amfani, ya karkata wajen yabo, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da marubucin tsohon ma'aikacin mulkin Turawa ne da ya san shi ido da ido. Kashi na biyu, yawanci waɗanda suka tashi a inuwar NEPU, suna ganin ƙudurin yayyafi ne da aka yi don a kwantar da ƙura, musamman da yake a cikin wannan wata na Agusta aka kafa jam'iyyar tasu a Kano.

Mu dai muna ganin kowane kashi ya riƙe rabin gaskiya. Bai kamata a raina ƙudurin ba, domin a 1950 ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne malamin makaranta ya soki tsarin sarauta a bainar jama'a. Amma kuma gyara ya nema, watau a yi wa ginin yaɓe don kada ya rushe, saɓanin su Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur, waɗanda suka zauna tare da shi a Bauci, masu neman a taɓa harsashin.

Abin da ya fi nauyi shi ne abin da ya faru bayan NPC ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Kujerun da suka ba ta rinjaye a Majalisar Tarayya, har ya zama Firayim Minista, sun dogara ƙwarai ga hakimai da dagatai. 'Yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari duk suna hannun En'e, kuma da su aka riƙa takura wa 'yan hamayya. Mai kāre shi zai ce harkar En'e tana hannun gwamnatin Sardauna a Kaduna, Ikko ba ta da hurumi. Haka ne a tsarin mulki. Sai dai shi ne mataimakin shugaban jam'iyyar da ta ci moriyar tsarin, don haka ba a wanke shi sarai ba. Sai bayan rasuwarsa gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen tsarin.

Kammalawa

Shawararmu ga masu nazari ita ce a daina raba Abubakar na Kaduna da Abubakar na Ikko. Mutum ɗaya ne ya ga ciwon a 1950, ya faɗe shi a fili, daga baya kuma ya hau mulki a kan kafaɗar majinyacin. A koma ga bayanan muhawarar majalisa da takardun En'en Bauci da ke ɗakin adana tarihi na Kaduna, a auna maganarsa da aikinsa shekara bayan shekara. Da haka ne za mu ba ɗalibanmu tarihi maimakon kirari ko zambo.