Yohanna ko Yahaya: Nazari a kan Hausar Littafi Mai Tsarki da Shekarar Ekklisiya a Ƙasar Zamfara

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin Hausa sun daɗe suna bin diddigin kalmomin da addinin Musulunci ya shigo da su cikin wannan harshe, amma ba a cika mayar da hankali ga Hausar da Kirista suke ibada da ita ba, alhali kuwa ta kai shekara ɗari tana gudana a bakin mutane. Manufar wannan maƙala ita ce a auna fassarori biyu na Littafi Mai Tsarki, wato ta 1932 da ta 1979, da ma'aunin kunnen mai sauraro a Gusau da Tsafe da Bungudu. Za a dubi kalmomin da kowace fassara ta zaɓa, sa'an nan a dubi yadda bukukuwan shekarar ekklisiya suke haɗuwa da shekarar manomi, domin a nan ne ake gane fassarar da ta zauna da wadda har yanzu baƙuwa ce.

2.0 Masu Sauraro

Kirista a wannan yanki 'yan tsiraru ne, kuma ba tushensu ɗaya ba. Kashi na farko su ne waɗanda aikin jirgin ƙasa da cinikin gyaɗa da auduga suka kawo Gusau daga Kudu, bayan da layin dogo ya ratsa garin ya isa Kaura Namoda a 1929. Kashi na biyu su ne ma'aikata da malaman makaranta daga kudancin Zariya da Filato da makamantansu, waɗanda Hausa ce harshen ibadarsu ko da ba ita suka sha a nono ba. Kashi na uku su ne Hausawan ƙauye, galibi daga gidajen Maguzawa, waɗanda suka karɓi addinin bayan da 'yan mishan suka sami izinin buɗe ɗakunan shan magani da ƙananan makarantu a lardin Sakkwato daga shekarun 1930. Mukhtar Umar Bunza ya bi tarihin wannan aiki daga 1935 zuwa 1990 a littafinsa na 2007. Ɗarikun da suka fi ƙarfi su ne Angilikan, da ECWA wadda ta fito daga mishan ta SIM a 1954, da Katolika wadda limamanta 'yan ƙungiyar Dominikan daga Amurka suka zauna a Gusau a shekarun 1950.

Kashi na uku shi ne ya fi dacewa da wannan nazari, saboda shi ne ba shi da wani harshen da zai koma gare shi idan fassara ta gaza. Kuma shi ne yake cin kasuwa ɗaya, yake shan rijiya ɗaya da maƙwabcinsa Musulmi.

3.0 Fassarori Biyu

J. F. Schön ne ya fara fassara sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a tsakiyar ƙarni na 19, amma cikakken littafin bai fito ba sai a 1932, kuma Likita Walter Miller na mishan ta CMS, wanda ya zauna a Zariya daga 1905, shi ne jigon aikin. Sabuwar fassara ta fito a 1979.

Tun a fassarar farko an ɗebi kalmomi daga rumbun da Hausawa suka riga suka cika da Larabci. Allah, annabi, mala'ika, zunubi, addu'a, azumi, idi, Zabura, duk an same su a ƙasa, ba a ƙago su ba. Mabiyan Yesu goma sha biyu an kira su almajirai, kuma da wuya a sami zaɓin da ya fi wannan dacewa, domin Bahaushe ya san wanda ya bar gida ya bi malami, ya ci abin da ya samu, ya kwana inda dare ya yi masa. Inda aka rasa, sai aka yi aro daga Girkanci ko Ingilishi, kamar ekklisiya da baftisma da firist.

Amma Hausar 1932 tana da nauyin baki. Tana yawan buɗe jimla da "gama" inda mai magana zai ce "domin" ko "saboda", kuma ginin jimlolinta yakan bi sawun harshen da aka ɗauko daga gare shi. Masu fassarar 1979 sun ga wannan, sai suka sassauta jimla, suka kuma sauya sunaye da dama. Yohanna ya koma Yahaya. Kristi ya koma Almasihu. Littafin Misalai ya zama Karin Magana, Ru'ya ta Yohanna ta zama Wahayin Yahaya, Kubawar Shari'a ta zama Maimaitawar Shari'a. A mafi yawan waɗannan an dace. Karin Magana suna ne da yake shaida wa Bahaushe irin abin da zai tarar tun bai buɗe shafi ba, ita kuwa "kubawa" kalma ce da mai karatu yakan furta ba tare da ya iya fashin baƙinta ba. Sai dai ba ko'ina aka ci riba ba. Mai Wa'azi da aka mayar Mai Hadishi, an bar sananne ne aka kama baƙo.

Idan aka tsaya a kan takarda, babu shakka fassarar 1979 ta fi zama Hausa. To amma abin lura shi ne, bakin masu ibada bai bi ta ba gaba ɗaya. Har yanzu iyaye suna raɗa wa 'ya'yansu Yohanna, mai wa'azi yakan riƙe sabon bugu a hannu yana kiran tsohon suna, kuma fassarar da ta biyo baya mai suna Sabon Rai Don Kowa ta dawo da Yohanna. Dalili biyu ne. Na farko, nassin da ake ji kowace shekara, a rana ɗaya, da murya ɗaya, yakan zama kamar kirarin gida, ba a sauya shi don wani ya fi shi daidai da nahawu. Na biyu ya fi nauyi. Wanda ya ce Yahaya ya miƙa wa maƙwabcinsa hannu, domin sunan annabi ne da dukansu suka sani. Wanda ya ce Yohanna kuwa ya faɗi ko shi wane ne. Ga jama'ar da take 'yar tsiraru, musamman tun da jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba 1999, buƙatun nan biyu duk na gaske ne, kuma babu kalma ɗaya da za ta biya su a lokaci guda.

Akwai kuma batun karin harshe. Duka fassarorin da daidaitacciyar Hausa aka yi su, alhali mutumin Bungudu "munka" da "sunka" da "wanga" yake cewa. Saboda haka yakan ji karatu da wata Hausa, ya ji wa'azi da wata, kuma wa'azin ne yake bin sa gida.

4.0 Shekarar Ekklisiya da Shekarar Manomi

Manomin Zamfara yana rayuwa da lissafi uku: watannin Hijira da ake sanin salla da su, watannin boko na albashi da makaranta, da kuma watannin noma, waɗanda a kansu ake cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Shekarar ekklisiya ta zo ta zama ta huɗu.

Sunayen bukukuwanta sun rabu gida biyu. Waɗanda suke cikin nassi an fassara su: Idin Ƙetarewa, Idin Bukkoki, Jibin Ubangiji. Waɗanda al'adar coci ta kawo kuwa an ɗauko su ɗungurungum, wato Kirsimeti da Ista. Idin Ƙetarewa suna ne mai ɗauke da labarinsa, yaro ma zai tambaya wa ya ƙetare, ina aka ƙetare. Ista ba ta ce wa kunnen Bahaushe komai, sai an yi masa bayani.

Bambancin yanayi ya fi na suna zurfi. A ƙasar Falasɗinu ruwa yana sauka ne daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, wato daidai lokacin kaka da rani a nan. Idin Ƙetarewa a can yana zuwa ne da farkon girbin sha'ir, amma Ista, wadda take faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, tana samun Tsafe cikin tsananin bazara, rijiyoyi sun ja baya, rumbu ya fara sauka. Fentikos, kwana hamsin bayan haka, idin girbin alkama ne a asalinsa, a nan kuwa yana zuwa ne a watan Mayu ko Yuni, lokacin da ake duban gabas ana jiran ruwan shuka. Ke nan mai wa'azin da ya tsaya a kan siffar girbi a ranar, yana magana ne da mutanen da iri yake hannunsu. Wanda ya san aikinsa zai juya ga ɗaya siffar da ranar take ɗauke da ita, ta iska mai ƙarfi da ta cika gida, domin duk wanda ya ga hadarin farko ya san ta.

Haka abin yake a misalan Yesu. Mai shukar da ke cikin nassi watsa iri yake yi, shi ya sa wani ya faɗi a hanya, wani a kan dutse. Manomin gero kuwa da sungumi yake sara, ya jefa iri a rami, ya rufe da diddige, kuma zai yi mamakin wannan ɓarna sai an ce masa yafi ake nufi, irin na shinkafa. A misalin alkama da mugun haki, tsofaffin masu karatu sun saba da kalmar zawan, wadda ba a gonarsu take ba. Amma suna da shibra, mai tashi tare da gero har ba a rarrabe su sai sun fid da kai. Da an ambace ta, rabin wa'azi ya ƙare.

Wannan ne ya sa bukukuwa biyu suka fi kama ƙasa. Kirsimeti tana zuwa da hunturu, bayan an kai amfani gida, lokacin da ƙauye ya saba da aure da dambe da kalankuwa, kuma ana kai wa maƙwabta abinci kamar yadda su ma suke kawowa ranar salla. Na biyu shi ne bikin godiya na kaka, inda ake shigo da damman dawa da gero cikin majami'a, matan zumunta suna waƙa. Shi ba ya cikin manyan idodin da aka gada, amma shi ne ba ya buƙatar tafinta. Shi ne kuma wanda ta'asar 'yan bindiga ta fi taɓawa, domin tun wajen 2011 manoma da yawa a ƙauyukan Zamfara, Musulmi da Kirista, sun bar gonakinsu sun koma gari. Idan dami ya zama kuɗi a cikin ambulan, an rasa abin da ya haɗa nassi da ƙasa.

5.0 Kammalawa

Abin da wannan nazari ya nuna shi ne, fassarar 1979 ta yi nasara a kan jimla, ta 1932 kuwa ta riƙe kunne, amma dukansu sun tsaya ne a bakin gona. Fassara tana iya sauya kalma, ba ta iya matsar da damina. Ragowar aikin yana wuyan mai bishara na ƙauye, wanda yake mayar da zawan shibra, yake mayar da "suka" "sunka", kuma mafi yawan abin da yake faɗa ba a rubuce yake ba. Ya kamata sassan koyar da Hausa na jami'o'in Gusau da Sakkwato su ɗauki wa'azin nan da waƙoƙin matan zumunta a faifai, su nazarce su kamar yadda ake nazarin sauran adabin baka, tun tsofaffin da suka san shekarar noma da ka suna da rai.